Shuɗin rawani ɗan Kura a kan kwali: wa ya taɓa kama shi?

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum. Ina aikin zanen tambari da kwalayen kaya a nan Samaru. Wata Hajiya mai humra da turaren wuta a Tudun Wada ta kawo min aiki. Ta ce ta gaji da ruwan hoda da ruwan gwal ɗin da kowace mai humra ke liƙa wa kwalba, ita shuɗin rawanin mahaifinta take so, ɗan Kura, wato rinin garin Kura da ke Kano. Har rawanin ta ɗauko min a leda. Na ɗauke shi hoto, na tsamo kalar daga hoton, a kwamfuta abin gwanin sha'awa. Da aka bugo gwaji sai ga wani shuɗi lami, kamar wandon 'yan firamare. Akwai mai lambar wannan kalar? Ƙawata kuma cewa ta yi in bar wahala in bi Pantone, kamfanin nan mai fitar da kalar shekara, tunda ruwan ƙasa suka zaɓa a 2025, wai Mocha Mousse.

Jikan Marina:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, lamba ɗaya ba za ta ba ki ɗan Kura ba, don shi kansa ba kala ɗaya ba ne. A bakin karofi na tashi. Baba da toka ake zubawa a rami, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki ana motsawa. In an tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake juyewa shuɗi a kan idonki. Tsomi kaɗan, shuɗi mai haske. A yi ta maimaitawa, ya doshi baƙi.

Amma abin da ya tafi da hankalin Hajiya ba a rami aka same shi ba, a mabuga ne. Ana barbaɗa garin shuni, a ɗora rawanin a kan gungume, a yi ta dukansa har ya ɗau sheƙi. Fita da shi rana ki karkata shi: gefe guda baƙi, tsakiya shuɗi, bakin ninkin kuma yana wani ja-ja kamar tagulla. Ki shafa, zai bar miki shuni a yatsa. Abin da Buzaye ke so ke nan, shi ya sa suke sayensa da tsada. Hoto kuwa kusurwa ɗaya kawai ya kama.

Mai Inji Sabon Gari:
Malama, ni wajen bugu zan yi magana. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa kala, RGB. Injinmu da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma shuɗi mai zurfi na cikin waɗanda suka fi ba mu ciwon kai. Ja ya ɗan yi yawa, ya koma shunayya. Ki mayar da fayil ɗin CMYK tun farko, ki cika shuɗin tawadar, ki sa baƙi a ƙarƙashinsa. Ki bugo ƙananan murabba'ai da dama a takarda ɗaya, kowanne da haɗinsa, ki jera su kusa da rawanin a waje, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Sheƙin kuwa sai dai a shafe kwalin da leda mai ƙyalli, ko a buga sunan da tagulla.

Malama Mai Zare:
Maganar Pantone ta ba ni dariya. A 2023 Viva Magenta suka zaɓa, wani ja mai sirkin shunayya, alhali kakanninmu sun daɗe suna saƙa alharini mai wannan kalar. Ruwan ƙasan da suka zaɓa a 2025 kuwa, ki dubi tsohuwar rigar tsamiya mai aska takwas, ko katangar da aka shafe da makuba a cikin birni. Ga ja na karan dafi da dukawa ke rina fata, ga rawaya da gangamau. Tun 1958 ɗaliban zane a nan Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan a haɗa na gida da na boko, mu har yau jira muke a aiko mana da kalar shekara daga Amurka. In ni ce, shuɗin zai cinye kwalin, rubutu ruwan tsamiya, sai siririn layi na alharini. Kar ki wuce uku.

Jikan Marina:
Malama ta yi gaskiya, sai dai a duba rawanin tukuna. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin kanti a 1897, ba duk shuɗi ne na baba ba. Ki sansana shi, na rami yana da warinsa.

'Yar Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na sansana, warin na nan. Mai Inji, nawa za a buga min takardar gwajin, kuma tagullar tana hawa kan sitikar kwalba ko sai kwali?