Matar da ta zuba kuɗinta a ginin gida, takarda kuma da sunan miji

Mai neman sani: Assalamu alaikum. Idan mace ta biya rabin kuɗin gina gida, amma takardun duk da sunan mijin, sai Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka ce gidan gaba ɗaya gado ne, me kotu za ta duba?

Ɗalibin fiƙihu: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Aure ba ya haɗe dukiyar mace da ta miji, aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ba mata rabon abin da suka samu. Kafin a taɓa gado, sai an ware abin da ba na mamaci ba ne, a yi masa sutura, a biya bashi har da ragowar sadakinta idan akwai, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. In ta tabbatar da rabinta, ta ɗauke shi, kuma tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a ragowar idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Mace ɗaya mai 'ya'ya ta tashi da kashi 9 cikin 16 ke nan, maimakon 2. In akwai kishiyoyi, tumunin kawai za su raba.

Lauya: Haka ne, Malam, amma nauyin hujja yana kanta, tunda takarda ta goyi bayan magada. Ta nemo shaidar tura kuɗi ta banki, rasit na siminti da rodi, da magini ko wanda aka ba kuɗin a gabansa. A mazhabar Malikiyya, shaida ɗaya adali da rantsuwarta sun isa a shari'ar dukiya.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne a kasa nuna da wace niyya ta bayar. Magada za su ce kyauta ce. In alƙali ya ɗauke shi rance, adadin da ta bayar kaɗai za a mayar mata, ko da darajar gidan ta ninka. Sai ta tabbatar haɗin gwiwa ne take da kaso a gidan kansa. Ta roƙi kotu ta dakatar da sayarwa, kuma kada ta sa hannu a takardar rabo kafin a saurare ta.

Mai sulhu: Ƙarin bayani: ko mijin ya ce ya ba ta gidan kyauta, a Malikiyya sai da hauzi, wato gidan ya bar hannunsa ya shiga hannunta, kafin ya rasu. In ya ci gaba da zama a ciki har ajalinsa ya zo, gidan gado zai koma.