Ta ina zan faro tarihin Sin na zamanin Mao?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aiki a makaranta kan mulkin kwaminisanci a ƙasar Sin. Na shiga intanet, sunaye da shekaru suka yi mini rubdugu. Don Allah a taimaka, ta ina zan kama?

Malamin Tarihi: Wa'alaikumus salam. Auta, bar Mao tukuna. Koma 1911, lokacin da sojoji suka yi bore a Wuchang, har sarautar gidan Qing ta faɗi a farkon 1912. Sun Yat-sen ya riƙe sabuwar jamhuriya na ɗan lokaci, ya sakar wa Yuan Shikai, shi kuma ya nemi naɗa kansa sarki. Da Yuan ya mutu a 1916 sai kowane janar ya riƙe lardinsa da bakin bindiga. Daga nan ka zo 4 ga Mayun 1919, ranar da ɗalibai suka fito a Bejin saboda taron sulhu na Versailles, bayan yaƙin duniya na farko, ya miƙa wa Japan yankin da Jamus ke riƙe da shi a Shandong. Cikin wannan fushin aka kafa jam'iyyar Kwaminis a Shanghai a 1921. Wanda bai san wannan wulaƙancin ba, ba zai gane dalilin da ya sa jama'a suka bi su ba.

Kwamared: Allah ya gafarta Malam, ka biya ni. Ƙari a kan haka, Auta, ka karanta yadda Chiang Kai-shek, jagoran sojojin jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, ya juya wa 'yan kwaminis baya ya karkashe su a Shanghai a 1927, da doguwar tafiyar da 'yan kwaminis suka yi a ƙasa daga Jiangxi zuwa Shaanxi tsakanin 1934 da 1935. Sama da mutum 80,000 suka tashi, 'yan dubbai suka isa. Bayan 1 ga Oktoban 1949 kuma, ranar da jagoransu Mao ya shelanta kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, ka duba rabon gonaki ga talakawa da dokar aure ta 1950 da ta haramta auren dole. Kada ka bari littattafan Turawa su nuna maka kamar ba a tsinana komai ba.

Hajiya Malama: Kwamared, rabon gonakin nan fa da jini aka yi shi, an kashe masu filaye ba adadi a gaban taron ƙauye. Kuma ba a jima ba aka karɓe gonakin aka mayar da su na haɗaka.

Auta, ni shawarata daban ce. Aikin makaranta ba zai ɗauki shekara ɗari ba. Ɗauki abu ɗaya ka tona shi sosai, kuma in ni ce, taron da shugabannin jam'iyyar suka yi a Lushan a 1959 zan ɗauka. A 1958 Mao ya ƙaddamar da shirin Babban Tsalle, wai a kamo Ingila a sarrafa ƙarfe cikin shekara 15. Aka tattara manoma cikin manyan gandaye, aka hana girki a gida sai a ɗakin cin abinci na gayya, aka sa mutane narka tukwane da fartanya a maƙerun bayan gida, ƙarfen da ya fito galibi bai da amfani. To ga inda gizo ke saƙar: kowane jami'i na tsoron a ce bai da kishi, sai ya ƙara wa adadin girbin da zai kai sama. Na ƙauye ya ƙara, na gunduma ya ƙara, na lardi ya ƙara. Aka shelanta tan miliyan 375 na hatsi a 1958, alhali abin da aka girbe bai wuce kimanin miliyan 200 ba. Gwamnati ta karɓi kasonta bisa adadin ƙarya, har tana fitar da hatsi waje, manomi ya tashi a tutar babu.

A Lushan ne ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa, cikin ladabi, cewa abin ya wuce gona da iri. Mao ya rarraba wasiƙar ga mahalarta, aka yi wa Peng ca, aka tuɓe shi, aka ba Lin Biao kujerar. Bayan nan wa zai sake buɗe baki? Shekarar da ta biyo baya, 1960, ita ce mafi muni a yunwar da shirin ya haifar.

Auta: Anti, mutum nawa suka mutu? Na ga alƙaluma sun saɓa da juna.

Kwamared: Ai shi ya sa nake cewa a yi hattara. Kowa da adadin da ya dace da siyasarsa. Kuma an yi fari da ambaliya a shekarun.

Malamin Tarihi: An yi, amma Kwamared, shugaban ƙasa Liu Shaoqi da kansa, a babban taron jami'ai 7,000 na 1962, ya kawo maganar manoman Hunan cewa kashi uku cikin goma ne na yanayi, bakwai aikin mutum ne. Auta, ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 15 zuwa miliyan 45, da yawansu suna tsayawa kusa da miliyan 30. Rubuta tazarar yadda take, ka faɗi wanda ya ba da kowane adadi. Kada ka zaɓi guda don ya yi maka daɗi.

Hajiya Malama: Kuma ka bi sawun mutanen nan biyu, za su kai ka juyin juya halin al'adu na 1966, lokacin da Mao ya ingiza matasa su far wa waɗanda ya kira maƙiyan juyi, ba tare da ka ɓata ba. Liu ya mutu a tsare a Kaifeng a 1969, Peng ya mutu a tsare a 1974 bayan jajayen dakaru, wato matasa masu goyon bayan Mao, sun sha lakaɗa masa duka. A matsayina na malama abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara 'yan sakandare aka sa suna dukan malamansu. Jarrabawar shiga jami'a ma sai a 1977 aka dawo da ita.

Ustaz: In za ka taɓo wannan zamanin, kada ka tsallake Musulmin ƙasar. An rufe masallatai kamar yadda aka rufe coci-coci da wuraren ibadar 'yan Buda. Nemi labarin garin Shadian a lardin Yunnan, inda sojoji suka afka wa Musulmi 'yan ƙabilar Hui a 1975, aka kashe kimanin 1,600. Allah ya ji ƙansu.

Auta: Amin. Wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Baba Mai Rediyo: Yaro, mu da muka girma da akwatin rediyo, tun 1963 gidan rediyon Sin ke da sashen Hausa. Ka saurare su, ka saurari na Turai, amma ka san kowa da bakin uban gidansa yake magana. Akwai kuma ƙudurin da jam'iyyar ta fitar a 1981 kan tarihinta, yana nan a intanet. A ciki sun amsa cewa juyin al'adu bala'i ne kuma Mao ne ya jagorance shi, sai dai suka ce alherinsa ya rinjayi kurakuransa. Karanta shi a hankali, ka lura da wuraren da suka ratse da sauri.

Alhaji Mai Waya: Ni dai ba ɗan boko ba ne, kaya nake sarowa a Guangzhou. Duk wanda Allah ya kai shi, akwai tsohuwar makarantar soja ta Whampoa da aka buɗe a 1924, da makarantar horar da manoma inda Mao ya koyar a 1926, duk an mayar da su gidan tarihi. Shenzhen kuwa da muke zuwa sayen kayan waya, a 1980 Deng Xiaoping, jagoran Sin na lokacin, ya ware ta don kasuwanci. Sai dai gargaɗi: kada ka tambayi abokin cinikinka ɗan Sin batun dandalin Tiananmen da 4 ga Yunin 1989, ranar da sojoji suka murƙushe masu zanga-zanga a Bejin, a manhajar hira ta WeChat. Kai kana Kano lafiya lau, shi za ka jefa a uku.

Kwamared: Alhaji, Shenzhen ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Ma'aikatan da suka cika ta sun iya karatu, suna da lafiya, kuma a zamanin Mao aka shimfiɗa wannan.

Hajiya Malama: Manoma 18 na ƙauyen Xiaogang da suka raba gonar gandu a ɓoye a 1978 fa, har da dangwala yatsa kan alƙawarin riƙe 'ya'yan duk wanda aka kama? Su ma a sa su a lissafin.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki Lushan, in yi gajeriyar shimfiɗa daga 1911 kamar yadda Malam ya ce. Allah ya gafarta Malam, in tsaya a 1962 ko in kai mutuwar Mao a 1976?

Malamin Tarihi: Tsaya a 1966, ka nuna yadda rigimar Lushan ta haifi ta gaba. Ka ba hujjar Kwamared sakin layi guda, ka amsa ta da alƙaluma. In ka gama, turo mini ta akwatina in duba maka shekarun.