In amsa ta bambanta, laifin kwamfaila ne?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ni matsayina ɗaya ne: in kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shirin da aka rubuta zuwa umarnin injin kwamfuta, ta mayar da lissafi na bekta, mai sarrafa lambobi da yawa a lokaci guda, dole amsarsa ta zo daidai da ta lissafin ɗaya bayan ɗaya, bit da bit. Jiya na tara lambobi 1003 masu ɗigo, irin su 0.1, ta hanyoyin biyu, amsoshin suka sha bamban. Wannan ai kuskurenta ne.

Malama: Wa alaikumus salam. A cikakkun lambobi ina tare da kai. A bit 8, inda lamba ba ta wuce 255, tara 200 da 100 yana ba da 44 in umarnin mai zagayowa ne, 255 in mai tsayawa a iyaka ne, kuma kwamfailar da ta musanya su ta ɓata aiki. Masu ɗigo kuwa halinsu daban. Gwada a bit 64: (0.1+0.2)+0.3 zai ba ka 0.6000000000000001, amma 0.1+(0.2+0.3) zai ba ka 0.6. Rajistar AVX, wato ma'ajiyar da injin kwamfuta ke yin lissafin bekta a ciki, lambobi takwas masu bit 32 take ɗauka, sai tarawar ta rabu gida takwas a haɗa daga ƙarshe. Jeri ya sauya, wutsiyar amsa ta sauya.

Injiniya: Malama, a nan zan ja da ke. Wa ya ba ta izinin sauya jeri? Kwamfailar GCC ba ta taɓa shi sai an kunna mata zaɓi irin su -ffast-math. In bai kunna ba, ƙorafinsa gaskiya ne.

Ɗalibi: Na duba yanzu, Yallaɓai, a kunne yake. To sai in bar ɗan rata a gwajin, wato in amince da ɗan bambanci tsakanin amsoshin?

Injiniya: Ratar nan ce ba na so. 1003 takwas-takwas sau 125 ne, saura uku. Waɗannan ukun ta wata hanya daban ake tara su, kuma a can kuskure yake son ɓuya. In ƙanana ne, kwamfaila ta tsallake su, ratarka za ta haɗiye laifin, gwaji ya ce lafiya lau. Na taɓa ɓata kwana biyu a kan irin wannan.

Malama: Wannan kam haka ne. To kar ka bar rata. Zuba cikakkun lambobi, 1 zuwa 1003, a mazubin masu ɗigo. Jimillarsu 503,506 ce, ba ta kusa da 16,777,216 inda bit 32 yake fara datse cikakkun lambobi ba, don haka kowane jeri amsa ɗaya zai bayar. In ta kauce a nan, kawo mana umarnin injin da ta fitar mu duba tare.