Ƙafa da ƙarfinta, zuciya ce ke karaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gudun dogon zango. Tun rasuwar mahaifina nake gudu ni kaɗai a duwatsun Shere da ke gefen Jos, bayan sallar asuba. Burina in cika kilomita 42, tsawon gudun fanfalaki.

Amma da na kai kilomita 28, inda hanya ta tsuke, ba na jin komai sai numfashina, sai zuciya ta ce: "Wai me kake nema a nan?" Sai in zube kan dutse. Ƙafafuna lafiya lau, ga ruwa ga dabino a jaka. Na gwada ƙirga taku, na rage sauri, abin ya ci tura.

Don Allah, wanda ya taɓa tsallake wannan gaɓar, yaya ya yi?