Rinin azurfa na baƙanta min jel kafin layukan furotin su fito, ina matsalar take?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa masu aikin lab. Ina raba furotin na ganye a jel ɗin SDS-PAGE (wanda ake raba furotin a cikinsa bisa girmansu da wutar lantarki) mai akrilamaid kashi 12 cikin 100. Da Coomassie R-250, shuɗin rini mai nuna layukan furotin a jel, na fara, amma furotin ɗin nawa kaɗan ne, shi kuwa Coomassie sai layi ya kai wajen nanogiram 50 zuwa 100 yake nuna shi. Shi ya sa na koma rinin azurfa, tunda yana kama ko nanogiram 1.

To ga inda na maƙale. Ina jiƙa jel a metanol da asetik asid, in wanke, in sa sodiyom tayosalfet kashi 0.02 na minti 1, sannan silba naitiret (sinadarin azurfar ke nan) kashi 0.1. Da na zuba sodiyom kabonet mai fomaldihaid, kafin minti 2 jel ɗin gaba ɗaya ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi ƙirin. Ko na yi maza na tsayar da asetik asid, layukan sun nutse.

Ruwan nake zargi. Tataccen ruwa ne, amma in na narkar da silba naitiret yana yin fari-fari kamar an ɗiga madara, na san kuma kuloraid ke jawo haka. Ruwan kaɗai zai iya yin wannan ɓarna, ko wankin bayan tayosalfet ne bai isa ba?

Akwai kuma wasu layuka tsakanin kDa (kilodalton, ma'aunin nauyin furotin) 50 da 68 da ke ratsa har ramin jel ɗin da ban zuba samfuri ba, alhali da safar hannu nake aiki. Keratin ne, wato furotin ɗin fata da gashi? Ta ina yake shiga?

Samfurin ya kusa ƙarewa, don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka. Na gode.