Kyanwa ta haihu a ƙarƙashin rumbunmu, ga ɗari, yaya zan yi da 'ya'yan?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, ya muka ji da sanyi. Dan Allah shawara nake nema kar a yi min dariya. Mu muna wani ƙauye ne ta gefen Ringim, shekaranjiya da asuba na fito zan ɗora ruwan wankan yara sai na ji wani kuka siriri daga ƙarƙashin rumbun gero, na zata 'yan tsaki ne suka maƙale, ina haska tocila sai ga kyanwa ta zare min ido tana huci, 'ya'ya huɗu a jikinta ko ido ba su buɗe ba, ɗaya ma har da igiyar cibiyarsa. Ba ta kowa ba ce, irin masu bin gidajen nan ce, da damina na sha korarta daga madafa tunda ta taɓa kifar min da ƙwaryar nono. Yanzu ta rame sai ƙashi.

Matsalar rumbun namu a kan duwatsu yake, ƙarƙashinsa fayau, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, kun dai san ɗarin bana, mu da muke ɗaki da bargo ma sai mun haɗa da kaskon wuta. In ta fita neman abinci haka za su yi ta kuka wlh har cikin raina nake ji. Jiya na ɗan taɓa ƙaramin cikinsu na ji shi sanyi ƙalau kamar gindin randa.

Na so in kwaso su ɗakina Inna (surukata) ta ce sam, wai ba a kwana da kyanwar da ba a san asalinta ba, kuma tana da kaza mai 'yan tsaki tara, ta ce duk wanda ya ɓata ni zan biya. Maigidan ya tafi cirani balle ya sa baki. Na dama mata madarar gari a murfin kwano ta lashe tas. To in ɗauke 'ya'yan in dinga ba su madara da kaina ko in bar su? Sannan in na ajiye musu garwashi a kasko kusa da su akwai matsala?

Ɗan Gujungu:
Garwashi a gindin rumbu?? Hajiya so kike gari ya waye ba gero ba kyanwa kenan. Da iskar nan tartsatsi ɗaya ya isa, kuma kin san gobarar hunturu ba ta tsayawa gida ɗaya, sai ta bi danga ta gaida maƙwabta. Ki rufa wa maigida asiri yana can yana fama.

Ni dai a ganina ki ƙyale su, tun kafin a haife mu kyanwoyi ke haihuwa a sanyi ba ungozoma. Zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kuma ki daina taɓa su, an ce in ta ji warin hannun mutum cinye su take.

Mai Allurar Shanu:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da lada. Aikina allurar dabbobi ne, shanu da awaki na fi yi amma ana kawo mana kyanwa jefi-jefi. Maganar wuta Ɗan Gujungu ya gama ta, ko a ɗaki ma garwashi in an kulle ƙofa da taga yana kashe mutum yana barci balle abin da bai fi giram 100 ba, nauyin ɗan kyanwa kenan ranar da aka haife shi.

Kar ki raba su da uwarsu, wannan shi ne babba. Ɗan kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai sati 3 zuwa 4, a kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi, ɗumin da yake samu duk daga cikin uwar ne da jikin 'yan'uwansa. Jikin kyanwa yana kai digiri 38 zuwa 39, mu kuwa nan da asubar Disamba da Janairu ana sauka 12, 13, wani lokacin ƙasa da haka. Kin ga ba kaskon da ya kai ta. In kika ɗauke su kin ɗauko wa kanki aiki, duk bayan awa 2 zuwa 3 sai kin ba su abinci har tsakar dare, sannan ko fitsari da kashi ba sa yi da kansu sai uwar ta lashi gindinsu. Ke da kike da 'yan biyu ina za ki kai wannan.

Abin da ke kashe su shi ne daɗewar da take a waje, kuma yunwa ce ke fitar da ita. Kyanwa mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. To ki ƙosar da ita a gida sai ta zauna a kansu. Kan kifi, dafaffen kayan cikin kaza, dafaffen ƙwai ko rabi ne, guntun nama. Tuwo kawai ba ya riƙe kyanwa, ita maciyar nama ce, amma in kin murmushe busasshen kifi a ciki zai ƙara auki. Ban da miyar da aka cika wa albasa da tafarnuwa, suna lalata musu jini. Madarar garin nan ki daina, yawancin kyanwoyi in sun girma ba sa narkar da madara zawo take sa su, mai shayarwa kuma in ta kama zawo a busasshiyar iskar nan nonon ne zai ƙafe. Ruwa dai ruwa, kullum ki ajiye mata mai kyau. Abincin kuma kar ki kai shi bakin wurin da suke, ki ja da shi kamar taku goma saboda ƙamshin yana kiran muzuru da karnuka da cinnaka.

Wurin kwanan, ki samu zana ko damin kara ki kewaye gindin rumbun musamman ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa, ki bar mata ƙofa biyu don in kare ya shigo ta ɗaya ta samu ta fita. Ki sa kwali cikin wani kwalin, ki yanka ƙofa daidai tafin hannu, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa da tsumma, ki tura shi kusa da su bakinsa na kallon kudu. Kar ki sa su ciki da kanki tukuna, sau da yawa ita ke kwashe su ta shiga.

Zancen tana cinye su don warin hannu ba haka ba ne. Abin da take yi in an dame ta shi ne ta ɗauke su da baki ta canza wuri, kuma ta yiwu ta kai su inda ya fi nan sanyi, shi ya sa ake cewa a rage leƙe. Ki hana yara zuwa. Ke ma kar ki cusa hannu tana ciki, kyanwar da ba a san ta ba in ta cije ki ko ta yakushe ki har jini, ki wanke da sabulu da ruwa na minti 15 ki tafi asibiti a ranar, ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba. In da mai ciki a gidan kar ita ta kwashe kashin kyanwar.

Gwaggon Yara:
'Yata ki ji maganar malamin nan. Ni na taɓa yin abin da kike shirin yi tun muna zaune wajen Ɗambatta, na kwaso guda uku na sa a kwando ina ɗura musu nonon shanu da cokali, tausayi ne wai, kwana huɗu duk suka mutu da zawo uwar kuma ta yi sati tana zagaya gidan tana kiransu. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Ita kuwa Inna kar ki ja da ita, tana da gaskiyarta, kyanwa mai yunwa tana ɗaukar ɗan tsako. Amma ƙosasshiya ba ta cika kula su ba. Ki riga ta kifa kazar a akurki tun kafin magariba ki danne da dutse, ki ce Inna na kulle miki su, kin ga kin cire mata abin faɗa. Sannan ki bi ta inda ya dame ta, ki tambaye ta kwano nawa ɓera ya ci mata bara. Ba tsohuwar da ba ta da haushin ɓera. Kyanwar da ta haihu a gindin rumbu ai mai gadi ce Allah ya kawo ba ko sisi.

Buhun algarara ya fi kowane tsumma ɗumi, in babu ki sa tsohon zani amma ki dinga dubawa in ya jiƙe ki canza. Kuma ki bi gidan ki tabbatar ba wanda ya zuba shinkafar ɓera, in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tafiya za ta yi ta bar miki marayu.

Ɗalibi:
Ƙari a kan na Gwaggo, in camfi ne ke damun Inna a tuna mata a hankali. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Sahabi Abu Huraira ma sunan nan daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Kuma kyanwa ba najasa ba ce, ko ta sa baki a ruwa ana alwala da shi. Sai dai ba ke za ki karanta wa surukarki hadisi ba, ki sa limamin unguwa ko ƙanin maigidan ya faɗa cikin hira.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na kewaye da zana na sa kwalin, kan kifi na samu na ɗari biyu wajen mai suya ta cinye har ƙaya. Amma Malam ƙaramin nan yau na gan shi can gefe shi kaɗai, sauran ukun suna tsotso shi ko motsin kirki ba ya yi, kukan ma ya dishe. Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa masa farasitamol na yara.

Mai Allurar Shanu:
A'a a'a, farasitamol guba ne ga kyanwa, ko babba kaɗan ke kashe ta. Kar ki ba shi.

Ki jira ta fito cin abinci ki ɗauko shi. Kar ki ba shi komai yana da sanyi, cikinsa ba ya aiki a haka. Ki sa shi cikin rigarki jikinsa na taɓa fatarki kamar awa ɗaya, ko ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba ki naɗe da tsumma ki jingina shi, a hankali ake yi ba a kai shi bakin murhu. In ya fara motsi ki shafa masa ɗigon ruwan sikari a dasashi sannan ki mayar da shi tsakiyar 'yan'uwansa. In ya kasa kama nono to nonon akuya ya fi na saniya, ki tafasa ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ki kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai, ki ba shi da sirinji marar allura ɗigo-ɗigo kamar mililita 2 zuwa 3, yana kife a kan cikinsa ba a rigingine ba don kar ya shaƙa. Bayan nan ki goga masa gindi da tsumma mai ɗumi. Amma in gaya miki gaskiya wanda uwa ta ture gefe sau da yawa da ciwonsa ya zo, ki yi iya yinki kawai.

Uwar Biyu:
Slm, ku yi haƙuri na yi shiru kwana goma, caji ne sai an kai waya bakin titi. Ƙaramin dai bai yi rai ba, na kwana biyu ina fama da shi a cikin riga dare na biyu ya tafi, na binne shi bayan gida. Ukun suna nan sun buɗe ido sun yi ɓul-ɓul.

Kwalin da na sha wahalar yi kuwa kwana uku kawai ta yi a ciki, ranar nan muka tashi ba ita ba su, na duba ko'ina har na fara zargin karen maƙwabta ashe ta kwashe su ta kai madafa bayan tarin itace inda bangon murhu ke riƙe ɗumi har asuba. Inna ce ma ta gano su. Na yi tsuru-tsuru ina jiran faɗa sai ta ce a matsar da itacen gefen wuta kar wani abu ya faru, shi kenan ba ta ƙara cewa komai ba, don tun kafin nan kyanwar ta ajiye mata ƙaton ɓera a ƙofar ɗaki har sau biyu. 'Yan tsakin yanzu takwas ne, amma shirwa ce ta ɗauki ɗayan a gaban idon Inna da rana tsaka, na ce Inna wannan kuma wa zai biya, ta harare ni.

Yanzu ƙuma ce ta dame su ina ganin su na yawo a cikinsu, an ce in fesa piya-piya a wurin.

Mai Allurar Shanu:
Ban da piya-piya, ban da maganin kaskar shanu ko na kare, duk suna kashe kyanwa, ga shi ma madafa ce wurin abincinku. Ki samu matsefi mai ƙananan haƙora ki dinga taje su kina jefa ƙumar a ruwan sabulu, shimfiɗar kuma ki ƙone ki sa sabuwa. Wanka a ɗarin nan babu. In sun kai sati 4 ki fara ba su jiƙaƙƙen kifi a murfi. Uwar kuma in ta saba da ke ki sa a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar haukan kare, ki tambaye su zancen aikin hana haihuwa, don cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki kuma tana iya ɗaukar wani tun ba ta yaye waɗannan ba.

Ɗan Gujungu:
To Hajiya na janye maganata. A ajiye min guda ɗaya dan Allah, namiji in akwai, ɓeraye sun huda min buhunan riɗi huɗu a shago. Ranar kasuwa zan aiko yaro da kwando.

Uwar Biyu:
Malam ya ce sai sun yi sati 8 tukun, ka ƙara haƙuri da ɓerayenka. Kuma sai ka tambayi Inna, ta ce mai jan kunnen nata ne.