Wane makonni zan ɗauka don lissafin gurɓatar iskar Kano?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina bincike kan gurɓatar iska a Kano da WRF-Chem (manhajar da ke kwaikwayon yanayi da gurɓatar iska), kwamfutata ba za ta iya jan lissafin shekara guda ba sai 'yan makonni, to wanne zan ɗauka? In na ɗauki ranakun da hazo ya yi tsanani a Janairu, ƙurar Bodele ta Chadi ce ke danne komai, hayaƙin janareto da adaidaita sahu da ƙona bola ba sa fitowa, alhali su nake son aunawa. In na koma damina kuma ruwa ya wanke iskar. Malamina ya ce sai na kawo hujjar zaɓin. Da alkiblar iska zan rarraba ranakun ko da yawan PM2.5 (ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke cikin iska)?